Yinin da Motata Ta Rataye da Inna a Bakin Kwazazzabo

Akwai wata Asabar ta ƙarshen damina da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. Shekaru sun shuɗe, na canza mota har sau biyu, amma duk ranar da na tuna yinin nan sai in ga kamar jiya aka yi. A ranar ne na kusa hallaka mahaifiyata da matata da hannuna, a kan wasu ƙarafa guda biyu da aka ce in yi haƙurin mako biyu su iso, na ƙi.

Ni mutumin Zariya ne, kasuwanci ya kawo ni Abuja. Ina da shagon kayan gini a Dutse Alhaji, nan kuma nake zaune da iyalina. Da Allah ya ɗan buɗa mini sai na sayi gona can bayan Kurudu, cikin duwatsu, inda kwalta ta ƙare aka shiga jar ƙasa. Saboda gonar na sayi wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu. Mota ce mai haƙuri, sai dai da damina ruwa yakan zaizaye hanyar ya bar tudu a tsakiya, cikin motar ya yi ta gogar ƙasa. Sau biyu ina tsintar salansa, wato tukunyar hayaƙinta, a hanya in jefa ta a but. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane idan sun tambaye ni abin da ya sa na ƙara wa motar tsayi. Dalili na biyu, wanda ban cika faɗa ba, shi ne wata Lahadi na ga wasu samari a bakin tafkin Jabi sun jera motocinsu dogaye, tayoyi manya-manya, mutane na tsayawa suna ɗaukar hoto. Ina da shekara arba'in da ɗoriya a lokacin, amma na koma gida da motocin nan a raina kamar yaron da ya ga sabon keke.

Bakanikena yana da gareji a bayan tashar Jabi. Dattijo ne, Kirista, mutumin Filato, ya fi shekara goma yana taɓa mini mota. Ba ya saurin magana kuma ba ya saurin aiki, abin da yakan ba ni haushi ke nan da shi. Da na ce masa ina so a ƙara wa motar tsayi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya jawo mini benci ya fara jero tambayoyi. Wace irin hanya nake bi? Buhu nawa nake ɗorawa? A ciki nake sa kayan ko a sama kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na rufin mota? Da iyali nake tafiya ko ni kaɗai?

Na ce, "Oga, mota na kawo a ɗaga, ba aure na zo nema ba."

Ya yi dariya, ya ɗauko wani tsohon sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da jikin mota ke zaune a kansa, ya dangwarar a gabana. Ya ɗauko shokazoba ya ajiye kusa da shi. Ya ce, "Alhaji, wannan biyu tare suke aiki. Sifirin shi ne yana ɗauka kaya. Shokazoba shi ne yana riƙe sifirin kada ya yi ta tsalle. In ka sa dogon sifirin ka bar gajeren shok, shok ɗin zai zauna a miƙe kullum, ba shi da sauran wurin tafiya. Taya ya faɗa rami, zai fizge shi. Yau fizga, gobe fizga, wata rana zai tsinke."

Shawararsa ita ce a ɗaga motar inci biyu kawai, da sifirin mai matsakaicin tauri wanda zai iya da buhuna amma ba zai mai da motar kamar amalanke ba idan babu kaya. A haɗa da shokazoba dogaye da aka yi domin wannan tsayin, a kuma canza tiyon birki na baya a sa mai tsawo, domin shi ma gajere ne. Sifirin ɗin akwai a kasuwa, amma shokazoban sai an aiko daga Legas, mako biyu.

Mako biyun nan su suka tsaya mini a wuya. Inna, mahaifiyata, za ta zo daga Zariya ranar Juma'a, kuma tun da na sayi gonar ba ta taɓa ganinta ba. Na riga na gama zana hoton a zuciyata: ni da doguwar mota, Inna a gaba, muna ratsa duwatsu. Washegari na shiga kasuwar kayan gyara ni kaɗai. Wani mai shago ya fito mini da sifirin jajaye masu sheƙi, masu ɗaga mota inci huɗu. Na tambaye shi batun shokazoba, ya ce, "Oga, naka na lafiya, ko? To bar shi. Mutane nawa suka sa haka." Abin da nake son ji ke nan, na kwashe su.

Da na kai wa bakanikena, ya juya ɗaya a hannunsa, ya auna da tef, ya ajiye. Ya ce, "Ni ba zan ɗaura wannan a kan tsohon shok ba. Ka yi fushi da ni, ba komai. Kana ɗauka mata da yara a motan nan." Na kuwa yi fushin. Na ce masa garejinsa ba shi kaɗai ba ne a Abuja. Na wuce wani wuri a hanyar Bwari, inda aka ɗaura mini su cikin yini ɗaya ba tare da an tambaye ni komai ba. Da na koma gida na ba matata labari ina cika baki, sai ta ce, "Baban yara, mutumin nan bai taɓa cutar ka ba fa." Na ce mata ta bar maganar mota ga masu mota.

Gaskiya motar ta yi kyau. Maƙwabta suka fito kallo. Amma tun ranar farko na fara jin wani ƙara daga baya, ƙwas, duk sa'ad da na hau tudun rage gudu ko na faɗa ɗan rami. A kwana kuma sai in ji ta yi wani langaɓewa da ban san ta da shi ba. Na san abin da ƙaran yake nufi, domin an riga an gaya mini. Abin da na yi shi ne na ƙara muryar rediyo.

Inna ta iso ranar Juma'a, Asabar da safe muka kama hanyar gona, ni da ita da matata. Sai da aka kawo kujera 'yar tsuguno ta taka kafin ta iya hawa, ga ciwon gwiwa da take fama da shi. Tana zama ta ce, "Kai kuwa wannan mota ce ko bene?" Muka yi dariya. Mun isa lafiya. Ta zaga gonar da sandarta, ta sa albarka, ta ɓare masara ɗaya ta duba ƙwayar ta ce ƙasar nan ba ta da rowa. Muka yi azahar a gindin wata ɗorawa, muka ci abincin da muka zo da shi. Da za mu taso na cika but da doya, buhunan masara huɗu kuma na sa aka ɗaure su a sama kan kariya, don Inna ta tafi da su Zariya. Ban tsaya na yi tunanin cewa na ɗora nauyi a kan motar da na riga na ɗage daga ƙasa ba.

Akwai wata gangara tsakanin gonar da bakin kwalta. Ta hagu bangon dutse ne, ta dama kuma kwazazzabo ne da ruwa ya haƙa shekara da shekaru, zurfinsa ya fi tsayin gida mai hawa ɗaya, ƙasansa duk duwatsu. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar ta tsattsage. Na bi wurin ya fi sau hamsin, saboda haka ban rage gudu yadda ya kamata ba. Ina ma ba Inna labarin yadda motar take gogar ƙasa a daidai nan kafin a ɗaga ta.

Tayar baya ta dama ta faɗa wani rami da ban gani ba. Na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujera. Motar ta yi sama, ta dawo, sai bayanta ya zauna ta ɓangaren dama kamar raƙumin da ya durƙusa da ƙafa ɗaya. Ta madubi na hango wani jan abu yana gangarawa cikin kwazazzabon yana tsalle. Sifirin ɗina ne. Na taka birki, ƙafata ta tafi kamar na taka auduga.

Matata ta ƙwala salati. Motar na gangarawa tana lilo hagu da dama, buhunan sama suna jan ta zuwa ramin. Na murɗa sitiyari hagu wajen dutsen, bayanta ya zame ya yi dama. Na sake danna birkin da dukkan ƙarfina har ƙafata ta kusa taɓa ƙasa, sai na ji tayoyin gaba sun ɗan kama. Muka ja ƙasa, muka juya, injin ya mutu, muka tsaya.

Da ƙurar ta lafa na ga yadda muka tsaya, sai na gwammace muna tafiya. Motar ta gicciye a hanya, ta karkace sosai. Tayar baya ta dama tana kan leɓen kwazazzabon, wani kututturen itace ne kawai ya tokare ta. Ni ina sama, Inna tana ƙasa da ni, kafaɗarta manne da ƙofa. Ta tagarta ba na ganin hanya ko ciyawa, sai sarari da duwatsun ƙasa. Kuma motar ba ta daina motsi ba. Tun da abin da ke riƙe ta ya tsinke, sai ta yi ta rausaya a hankali, ta tafi wajen ramin, ta dawo, ta sake tafiya. Kowace tafiya ina jin ƙasa tana zubowa daga ƙarƙashin tayar tana faɗawa can ƙasa.

Matata tana bayana, ɓangaren sama. Na ji ta kama marfin ƙofa. Na ce, "Kada ki buɗe! Don girman Allah kada ki motsa." Na fahimci nauyina da nata ne suka hana motar kifewa. Idan ɗayanmu ya fita, Inna ta tafi. Na ja birkin hannu a hankali, ƙafata kuma na bar ta a kan birki. Na lallaɓa na zaro waya, babu sabis ko ɗigo.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Matata ta ce bai fi minti ashirin ba, ni kuwa na ɗauka yini ne. Rana na dukan gilashi, gumi na shiga mini ido, ba ni da halin sharewa. Wari mai kauri na man birki ya cika motar. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Carbinta na hannunta, leɓɓanta na motsi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ku buɗe ku fita. Ni na ci zamanina. Kuna da yara a gida."

Na ce, "Inna, ki yi shiru don Allah."

Ta ce, "Ni kake ce wa in yi shiru?"

Na ce, "Ki gafarce ni. Ba inda za mu."

Daga bayana na ji matata ta miƙa hannu a hankali ta riƙo gefen mayafin Inna, kamar mayafin zai iya riƙe mutum. Wannan ɗan motsin ma sai da motar ta amsa shi. Kututturen ya yi wani ƙara, ƙaƙas, na rufe ido na yi kalmar shahada. Abin da ya fi tsaya mini a rai a lokacin ba mutuwar ba ce. Tunanin yadda zan tsaya gaban 'yan'uwana ne, in na rayu, in ce musu ga yadda Inna ta rasu, kuma an gargaɗe ni.

Allah ya kawo wata mata Bagwariya da itace a kafaɗa, tana hawowa daga ƙasan gangarar. Tana ganin mu ta watsar da itacen ta juya da gudu tana kururuwa da yarensu. Ba a daɗe ba sai ga maza sun fito daga gonakin doya, su bakwai ko takwas, da fartanyoyi da adduna. Wasu suka nufo motar gadan-gadan za su kama, wani tsoho mai guntun wando ya daka musu tsawa suka tsaya. Ya zagayo ta wajena a hankali, ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Mai mota, kada ka cire ƙafa. Mama, sannu. Kada kowa ya yi motsi, mu za mu yi."

Ya sa aka kwanto igiyar da suke ɗaure shanun noma. Shi da kansa ya zura ta a ƙarfen kariya ta ɓangarena, a hankali kamar mai sa zare a allura, aka kai ɗaya bakin aka naɗe a jikin wata kaɗanya da ke saman dutsen. Maza huɗu suka riƙe. Uku suka hau matakalar ƙofata suka rataye, nan take na ji tayoyin hagu sun koma sun dafa ƙasa. Aka cusa duwatsu a gaban kowace taya da bayanta. Sannan tsohon ya ce, "Masaran nan zai tafi. Ka yarda?" Na ce ya tafi. Ya sa adda ya yanke igiyar buhunan. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya, na ji faɗuwarsu can ƙasa, tim, tim, kuma tsakanin sulalewar da ƙaran akwai ɗan jinkirin da ya nuna mini zurfin wurin. Motar ta yi wata girgiza, matata ta yi ƙara, igiyar ta miƙe ta riƙe.

Aka fara fitar da matata. Sannan tsohon ya ce in saki birki a hankali. Na ɗaga ƙafar da ƙyar, motar ba ta motsa ba. Saura Inna. Dole ta hauro daga kujerarta, ta tsallake giya, ta fito ta ƙofata, ga gwiwa ba lafiya, ga motar a karkace. Na juya na durƙusa a kan kujerata, wani ya riƙe ni ta ƙugu daga waje, na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarta. Rabon da in rungumi Inna tun ina yaro. Ban san ta zama marar nauyi haka ba. Na jawo ta, ƙafarta ta maƙale a jikin giya, takalminta ɗaya ya cire, ta ce, "Wayyo gwiwata," na ci gaba da ja ina ba ta haƙuri har muka zubo ƙasa tare a kan hanya.

Na zauna a cikin jar ƙasar nan na fashe da kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Matar da ta fara ganin mu ta kawo wa Inna ruwa a ƙwarya tana ta yi mata sannu. Na yi ta maimaita wa tsohon godiya. Ya ce, "Allah ne. Amma motan nan ya yi tsawo da yawa." A kan babura aka kai mu bakin kwalta, Inna da takalmi ɗaya, muka shiga tasi zuwa gida kafin magariba.

Washegari Lahadi na kira bakanikena, ina jin nauyin kiran. Ya ce in jira ya fito daga coci. Da rana muka je da motar janwe. Ya shiga ƙarƙashin motar bayan an jawo ta tsakiyar hanya, ya fito da rabin shokazoba a hannu, kunnensa na sama ya tsinke fit. Ya nuna mini yadda abin ya faru: da shok ɗin ya tsinke, babu abin da zai tare tayar, sai ta sauka fiye da ƙima, sifirin ya fice daga mazauninsa, tiyon birki ya miƙe ya yage. Ya ce birkin gaba ne kaɗai ya rage mini, shi ya tsayar da mu. Na tsaya ina jiran ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Ya je bakin kwazazzabon ya leƙa, ya daɗe a tsaye, ya dawo yana share ido da bayan hannu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mama tana lafiya?"

Wadda ba ta ƙyale ni ba ita ce Inna. Da na dawo na same ta a tsakar gida, matata na shafa mata man zafi a gwiwa. Ashe ta tambayi matata yadda aka yi, ita kuma ba ta iya yi mata ƙarya ba. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta ce, "An ce wani bawan Allah ya gaya maka kada ka sa ƙarafan nan."

Na ce, "Ya gaya mini, Inna."

"Ka kuma ji motar tana ƙara kafin in zo."

"Na ji."

Ta dube ni ta ce, "Ka sani, ka kawo kujera ka ce in taka in hau."

Har ta koma ga Mahaliccinta shekaru bayan haka ba ta sake tayar da maganar ba. Ta yafe mini, na sani, domin na roƙe ta ta ce ta yafe. Amma ba ta ƙara shiga motar da nake tuƙawa ba. Duk zuwan da ta yi Abuja bayan nan, ƙanena ne yake kai ta tasha.

Motar ta yi mako uku a garejin dattijon. Aka sauke ta zuwa inci biyu, aka sa sifirin da ya dace da kayan da nake ɗauka, da shokazoba masu tsawon da ya yi daidai da shi, da sabon tiyon birki. Na yi shekara shida ina bin gangarar nan da ita, ko sau ɗaya ba ta sake gogar ƙasa ba, ba ta kuma sake yi mini ƙara ba.

Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, idan mai sana'a ya ƙi karɓar aikinka alhali yana son aikin, to ka zauna ka saurare shi da kyau, domin mai ce maka "to" a kan komai ba shi zai shiga motar ba. Na kuma gane cewa gangancin da mutum yake ɗauka nasa ne shi kaɗai, da wuya ya tsaya a kansa. Waɗanda suka yarda da kai ne suke hawa su zauna, ba su tambayi komai ba, saboda kai ne ka buɗe musu ƙofa.